Makashin wuta ba abokin gaba ba ne

A daminar bara, cikin watan Agusta, dare uku a jere wutar gidana a Garin Malam tana ɗaukewa alhali maƙwabta na da tasu. In na je wurin kwantar sai in iske makashin kariya, wanda masu gyara ke kira disjonkter, ya faɗi. In tayar da shi, bayan ɗan lokaci ya sake faɗuwa. Uwargida kuwa tana sayar da ƙanƙara da lemun zoɓo, duk daren da firigo ya kwana a kashe, jarinta ne ke narkewa.

Na kira wani mai gyaran wuta. Bai ko buɗe jakarsa ba ya ce: "Mushe, wannan abin fitina gare shi, bari in haɗa maka waya kai tsaye ka huta." Na ƙi. Wannan shawara da ake ba magidanta daga Birni har Sabon Gari ita ce ta sa ni wannan rubutu.

Makashin ba ya faɗuwa don ganin dama. Dalilai uku ke kayar da shi. Na farko, kaya sun fi ƙarfin layin. Wutarmu volt 220 ce, saboda haka makashi mai amfiya 10 ba ya ɗaukar fiye da wat 2,200. A haɗa dutsen guga da abin dafa ruwa da firigo, an riga an wuce iyaka. Alamarsa ita ce yakan jima kafin ya faɗi, kuma an fi ganinsa a zafin Afrilu da Mayu, lokacin da kowace fanka ke juyawa. Na biyu, wayoyi biyu sun haɗu, sai ya faɗi nan take, wani lokaci har da ƙara da warin ƙuna. Na uku, wanda ya fi rikita mutane, shi ne yoyon wuta. Makashi mai maɓallin gwaji, wanda aka rubuta wa harafin T, yana auna wutar da ta fita da wadda ta dawo. In sun bambanta, wani kaso ya bi bango mai laima, ko ƙarfe, ko jikin mutum. Wanda aka rubuta wa 30 mA yana yankewa a kan yoyon da bai kai wutar da ƙwan lantarki mai wat 10 ke ja ba, domin abin da ya ɗara haka yana iya rikita bugun zuciya.

Gano inda matsalar take bai fi ƙarfin magidanci ba, kuma ba sai ya taɓa waya ba. Ka kashe duk ƙananan makasai, ka tayar da babban, sannan ka riƙa tayar da ƙananan ɗaya bayan ɗaya. Wanda ya kayar da babban, layinsa ne ke da ciwo. Sai ka zare duk kayan da ke kan layin daga soket. Zarewa na ce, domin kashe maɓalli kaɗai yakan bar waya ɗaya a haɗe. Ka mayar da su ɗai-ɗai. Ka kuma rubuta lokacin da yake faɗuwa: bayan ruwan sama ne, ko sa'ad da injin firigo ya tashi, ko da an kunna famfon jan ruwa?

Da na bi wannan hanya, layin tsakar gida ne ya tona kansa. Fitilar ƙofar zaure tana ƙarƙashin indararo, ruwa ya shiga mazauninta, ga kuma gidan zanzaro a ciki. Ƙofar ta ƙarfe ce, ita ƴaƴana ke turawa kullum da safe, ƙafa ba takalmi, ƙasa a jiƙe. Wani mai gyaran ya sauya mazaunin, ya gusar da fitilar, shi ke nan.

Na san abin da za a ce: kuɗin gyara ba ya hannun kowa, kuma akwai makasai na jabu a kasuwa masu faɗuwa ba dalili. Gaskiya ne. Har ma yakan faru ƙananan yoyo daga kaya da yawa su taru su kayar da makashi lafiyayye. Amma maganin wanda ya lalace shi ne a sauya shi da nagari, maganin taruwar yoyo kuma a raba layukan. Wanda ya cire shi ɗungurungum bai tsayar da yoyon ba, mai ba shi labari kawai ya kora.

Mu a Damagaram muna da ƙarin dalili. Garinmu a kan duwatsu yake, ƙasar takan bushe ƙamas da rani, sandar ƙarfen da ake kafawa don ta shanye yoyo ba ta aiki sosai in ba a nutsa ta inda ke da danshi ba. Gidaje da yawa ma ba su da ita. A irin wannan gida, makashin ne kaɗai ke tsakanin yaro da wutar.

Ga abokan aikina malaman lakkol, wannan darasin minti goma ne a aji. Ga magidanta kuma, ku riƙa danna maɓallin T lokaci-lokaci. In wuta ta yanke, yana aiki. In ba ta yanke ba, a nemo mai gyara tun kafin hadari ya haɗo.