Ƙauyen da Ruwa Ke Ciyarwa, Yake Kuma Ɗaukar 'Ya'ya

Wannan makon za mu yi nisa da gida, mu leƙa ƙauyukan Bangladash, ƙasar Bangalawa da ke gabas da Indiya. Akwai dalilin zuwanmu can, domin wani abu da kusan kowace uwa a cikinmu ta taɓa damawa ta ba ɗanta, a ƙauyukansu aka gwada shi aka tabbatar yana ceton rai.

Mu ɗauki yankin Matlab a gundumar Chandpur, kudu maso gabas da Dhaka, babban birnin ƙasar. Ƙasa ce shimfiɗaɗɗiya, koguna sun ratsa ta ko'ina. Wanda zai gina gida sai ya fara haƙa rami ya tara ƙasar ta zama tudu, ya gina ɗakunansa a kai don ambaliya. Ramin kuwa ruwan sama ya cika shi ya zama tafki. Shi ya sa kusan kowane gida da tafkinsa a gindi: nan ake wanka, nan ake wanki da wanke-wanke, nan ake kiwon kifi, nan agwagi ke yini.

Gida a wurinsu sunansa "bari". Ɗakuna ne na kwano da gora, na 'yan'uwa maza da matansu, sun kewaye tsakar gida guda, ga ayaba da mangwaro da kwakwa sun yi inuwa. Tsakar gidan nan mulkin mata ne. A nan suke turara shinkafa su shanya ta, su ɗinka tsofaffin zannuwa su zama bargo mai ado da ake kira "kantha". Abincinsu shinkafa ce da kifi da miyar wake, safe da dare. Daga Yuni zuwa wajen Oktoba damina kan shanye gonaki da hanyoyi, har a wasu wuraren sai da kwalekwale yaro ke zuwa makaranta, mai naƙuda ma da shi ake kai ta asibiti. Idan ruwa ya janye aka girbe shinkafa a Nuwamba, sai bikin sabon amfani, mata su daka sabuwar shinkafa su yi waina iri-iri da mazarƙwaila.

Ruwan da ke ciyar da su shi ne kuma ya daɗe yana ɗauke musu 'ya'ya. Kwalara da gudawa sun kashe yara ba adadi. Tun shekarun 1960 likitoci ke bin lafiyar mutanen Matlab gida-gida, kuma bincikensu na cikin abin da ya nuna cewa gishiri da sukari cikin ruwa, bisa awo daidai, suna mayar wa jiki ruwan da gudawa ta zubar. A 1971, lokacin yaƙin 'yancin ƙasar, wani likita Ba'indiye, Dilip Mahalanabis, ya ga ruwan da ake ƙara wa marasa lafiya ta jijiya ya ƙare a sansanin 'yan gudun hijira. Ya sa 'yan'uwan marasa lafiya suka riƙa ba su haɗin a kofi. Mutuwa ta sauko daga kusan 30 cikin 100 zuwa ƙasa da 4.

Saura yadda za a kai ilimin ga uwar da ba ta karatu, ba ta da cokalin awo. Daga 1980 zuwa 1990 ƙungiyar BRAC ta tura mata suna shiga gida-gida, suka kai ga gidaje fiye da miliyan 12. Awon da suka koyar da hannu ne: gishiri gwargwadon abin da yatsu uku suka ɗauka, mazarƙwaila cikin tafi guda, ruwa rabin lita. Abin da ya fi burge ni a matsayina na ma'aikaciyar jinya shi ne yadda ake biyan masu koyarwar. Bayan sun tafi sai a turo mai dubawa ya sa uwar ta haɗa a gabansa. Gwargwadon yadda iyaye suka iya, gwargwadon albashin malamar.

Don a raba mutane da ruwan tafki, an haƙa miliyoyin famfunan tuƙa-tuƙa. Gudawa ta ragu, amma a 1993 aka gano da yawa cikinsu na fitar da ruwa mai gubar arsenik, wadda ba ta da launi ba ta da ɗanɗano, sai bayan shekaru ta ɓata fata ta jawo ciwon daji. Sai aka bi famfunan ana gwadawa, mai guba a shafa masa jan fenti, mai kyau kore. Matan da ke ɗibar ruwa su ne suka ɗauki wahalar ƙarin tafiya zuwa koren famfo.

Yau babban abin da ke kashe yara 'yan shekara 1 zuwa 4 a ƙasar shi ne nitsewa a ruwa. Yawanci a tafkin da ke 'yan taku daga ɗaki ne, kuma tsakanin ƙarfe 9 na safe da 1 na rana, daidai lokacin da uwa ke kan girki da wanki. Maganin da suka samo mai sauƙi ne. Wata mata a unguwa ta tara yara kamar 20 a ɗakinta a waɗannan sa'o'in, ita da mataimakiya, ana biyansu ɗan abin hasafi. Suna kiran wurin "anchal", wato haɓar zanen uwa. Bincike ya nuna nitsewa ta ragu da fiye da 80 cikin 100 a tsakanin yaran da ke zuwa.

Uwargida, abu biyu nake so ki riƙe. Na farko, ki ajiye fakitin ORS da ƙwayar zinc a gida tun kafin buƙata ta taso, kuma ki ci gaba da ba yaro zinc kwana 10 zuwa 14 ko da gudawar ta tsaya. In babu fakiti, ki haɗa ruwa mai tsabta lita 1, sukari ƙaramin cokali 6 a shafe, gishiri rabin ƙaramin cokali. Kada ki ƙara gishiri, yawansa na cutarwa. In yaro ya kasa sha, ko ya yi laushi, ko kin ga jini a bayan gidansa, asibiti kai tsaye.

Na biyu, yaro mai tatata yana iya nitsewa a bokiti ko baho ko randa, kuma shiru yake tafiya babu ihu. Ki rufe rijiya, ki kifar da bahon wanki da zarar kin gama. In akwai kududdufi a unguwarku, ku zauna da maƙwabta ku yi karɓa-karɓa wajen tsaron yara a sa'o'in aiki, kamar yadda kuke yin adashi.

Allah Ya raya mana zuri'a. Sai mako mai zuwa in Allah Ya kai mu.