Cire Zanen Jiki Aikin Likita Ne, Ba Na Shago Ba

Zanen da ke jikin mutanen Suleja iri biyu ne, kuma duk mai son rabuwa da nasa sai ya fara sanin wanne yake ɗauke da shi. Na farko shi ne na aska, wanda wanzami ke tsaga wa jariri ranar suna ko bayanta: bille, kalangu, 'yan baka, fashin goshi, da tsagen Gobirawa da na Barebari. Garin na Suleja, wanda Abu Ja ya kafa a 1828, bayan Hausawan Zazzau sun yo kudu sun zauna cikin Gbagyi da Koro, ya daɗe yana tara irin waɗannan fuskoki, kuma a da da su ake gane asalin mutum tun bai buɗe baki ba. Na biyu shi ne na tawada, wato tatu, wanda ake cusa launi cikin fata da allura. Shi ne ya yaɗu tsakanin matasa tun da garin ya zama makwancin masu neman abinci a Abuja. Tsakanin biyun akwai kwalliyar tsofaffin mata, wadda akan tsaga sannan a goga baƙin tukunya ko garin gawayi, ta zama tabo da launi a haɗe.

Dalilan nadama ba ɓoyayyu ba ne. Sharuɗɗan ɗaukar hafsoshin sojan Najeriya sun hana mai tatu ko rubutu a jiki shiga, saboda haka saurayin da ya yi zane a dantse yana ɗan shekara goma sha bakwai yakan tarar da ƙofa a rufe yana ɗan ashirin da biyu. Akwai budurwar da sunan wani ke wuyan hannunta alhali wani daban ne ya kawo kuɗin aure. Akwai wanda ya bar ƙungiyar asiri amma alamarta ba ta bar shi ba, akwai kuma wanda ya tuba yana jin nauyin nannaɗe hannun riga a wurin alwala. Dukansu sauri suke yi, kuma saurin ne ke jawo mafi yawan ɓarnar da ake gani.

Abin da ya sa tatu ba ya fita da sabulu ko dirza shi ne wurin da tawadar take. Fata hawa-hawa ce. Ta sama tana saɓulewa tana sabunta kanta cikin makonni, shi ya sa lalle ke gogewa. Allurar tatu kuwa takan wuce ta, ta ajiye launi a ta ƙasa, inda ƙwayoyin garkuwar jiki ke haɗiye shi su kasa narkar da shi saboda girman ɓarɓashinsa. Wani bincike da aka buga daga Marseille ta Faransa a 2018 ya nuna cewa idan waɗannan ƙwayoyi suka mutu sukan saki launin, sababbi su sake haɗiye shi a wurin. Ke nan jiki da kansa ne ke riƙe da zanen.

Hanyar farko ta cire tatu ita ce hasken leza, wanda ba goge zane yake yi ba, farfasa shi yake yi. Theodore Maiman ya ƙera na'urar leza ta farko a 1960, likitan fata Leon Goldman ya gwada ta a kan tatu cikin shekarun da suka biyo baya, amma sai a 1983 Rox Anderson da John Parrish na Jami'ar Harvard suka bayyana ƙa'idar da ake aiki da ita har yau: a zaɓi hasken da launin tawada ke sha fiye da naman da ke kewaye, a harba shi cikin lokaci gajere ƙwarai, yadda tawadar za ta yi zafi ta tarwatse kafin zafin ya kai ga fata. Kamar mai fasa dutse ne da ke mayar da shi tsakuwa don a iya kwashewa; masu kwasar su ne ƙwayoyin jiki, kuma ba sa sauri. Don haka ake barin mako 6 zuwa 8 tsakanin zama da zama, kuma zanen gwani yakan ci zama 6 zuwa 10, wani ma ya haura. Abin da aka zana a yammaci guda yakan ɗauki shekara ko fiye kafin ya dushe. Baƙi da shuɗi mai duhu su suka fi saurin fita. Kore da rawaya suna da taurin kai. Fari da launin fata sukan rikiɗe su yi baƙi idan haske ya same su, saboda sinadaran ƙarfe da ke cikinsu. Zanen gida da aka yi da gawayi ko tawadar biro yakan fi sauƙi, domin launin kaɗan ne.

Inda maganar ta fi shafar mutanen nan shi ne launin fata. Sinadarin melanin, wanda ke ba baƙar fata duhunta, shi ma yana shan haske kamar yadda tawada ke sha. Idan aka yi amfani da na'urar da ba ta dace ba, ko aka ƙure mata ƙarfi, fatar ce za ta ƙone tare da zanen, a wayi gari da farin dabbare ko baƙin tabo mai siffar abin da ake son ɓoyewa. Likitocin fata sun fi amincewa da na'urar Nd:YAG mai tsawon zango 1064 ga baƙar fata, domin haskenta yakan ratsa saman fata ba tare da melanin ya sha da yawa ba. Mai zango 694 da mai 755 sun fi haɗari a kanta. Sababbin na'urori masu harbi cikin lokaci mafi gajarta, waɗanda hukumar abinci da magunguna ta Amurka ta fara amincewa da su a 2012, sun rage yawan zama ga wasu, amma ba su kawar da wannan haɗari ba. Ga kuma tabo mai tasowa, wanda likitoci ke kira keloid, da ke kumbura ya zarce iyakar raunin, yana ƙaiƙayi yana zafi. Ya fi kama baƙar fata, ya fi son ƙirji, kafaɗa da kunne, yakan kuma bi jini a dangi. Wanda hujin kunne ya taɓa tasar masa wajibi ne ya faɗa tun kafin a taɓa shi. Haka mai shafa man bilicin, domin fatar da sinadari ya sirantar ba ta warkewa da kyau.

Tiyata hanya ce ta biyu, kuma ga ƙaramin zane takan fi araha da sauri. Likita yakan kashe wurin da allura, ya yanke fatar da zanen ke kai, ya ɗinke. Zane ya tafi a rana ɗaya, layin ɗinki ya zauna har abada. Idan zanen babba ne sai a yi ta kashi-kashi, ko a ɗauko fata daga cinya a dasa, raunin ya zama biyu.

Tsagen aska kuwa labarinsa daban ne, kuma a nan ake yawan yaudarar mutane. Bille ba tawada ba ne, tabo ne; babu launin da haske zai farfasa. Abin da likita zai iya shi ne ya yanke shi ya mayar da shi siririn layi da ke bin lanƙwasar fuska, ko ya sassaƙe gefensa da wata irin leza, ko ya cike ramin. Yakan ragu, amma fuska ba ta komawa kamar ba a taɓa tsaga ta ba. Duk wanda ya yi alkawarin haka da kwalbar mai, ƙarya yake yi. Ya kamata kuma a faɗa a fili cewa mai tsage ba shi da laifin komai. Yana cikin zani aka yi masa, kuma tsokanar da ake yi wa yara masu zane a makarantu ita ce abin kunya, ba fuskarsu ba.

Mafi munin raunuka daga gida suke fitowa. Ana goga ruwan batir, ana ɗora dutsen guga mai zafi, ana dirza gishiri da lemon tsami har jini ya fito, ana shafa ruwan ƙwallon yazawa, wanda da ma da shi wasu yara ke ƙona sunayensu a hannu. Ana kuma sayen mayukan cire tatu ta intanet, waɗanda hukumar Amurkan nan ta ce ba ta amince da ko ɗaya ba, ta kuma yi gargaɗin cewa suna iya ƙona fata. Duk waɗannan saman fata suke ci. Kafin su kai inda tawadar take sun riga sun yi ƙunar da za ta bar tabo, sau da yawa kuma zanen yana nan a ƙarƙashinsa, ya ƙara wuyar cirewa.

Da yawa daga masu wannan aika-aika tsoron Allah ne ya kai su, don haka malamai na da hakki a wuyansu. Gaskiya ne hadisan Bukhari da Muslim sun hana yin zanen da neman a yi shi. Amma Imam Nawawi, a sharhinsa na Sahihu Muslim, ya bayyana cewa cirewa na wajaba ne idan za ta yiwu da magani, idan kuwa ana tsoron halaka, ko lalacewar gaɓa, ko mummunan aibi a wurin da ke bayyane, ba ta wajaba, tuba ta wadatar. Mai wa'azin da ya faɗi rabin farko ya bar na biyu ya tura yaro ga ruwan batir. A Indunusiya an fahimci haka, har hukumar zakka ta Jakarta takan shirya cire tatu kyauta da leza a watan azumi. A Los Angeles ta Amurka, cibiyar Homeboy Industries da Fada Greg Boyle ya assasa ta daɗe tana yi wa tsofaffin 'yan daba haka don su samu aiki. Masallatai da majami'un Suleja, da masu hannu da shuni, ba su rasa ƙarfin yin makamancin wannan ga matasa kaɗan a shekara ba.

Ga mazaunin Suleja, Madalla ko Gauraka, hanyar da ta dace tana farawa ne da ganin likita, a nemi takardar turawa zuwa ga likitan fata ko na gyaran jiki, irin waɗanda ake samu a Asibitin Koyarwa na Jami'ar Abuja da ke Gwagwalada da Babban Asibitin Ƙasa. Na'urorin leza sun fi yawa a asibitocin kuɗi na Abuja da Legas, kuma kowane zama da kuɗinsa, don haka jimillar kuɗin ake tambaya, ba na zama ɗaya ba. Haƙƙin majinyaci ne ya ga shaidar rajistar likitan da Majalisar Likitoci ta Najeriya, ya ji sunan na'urar, ya ga hotunan aikin da aka yi a baƙar fata, ya kuma nemi a gwada a ɗan ƙaramin wuri a jira makonni. Dole a rufe masa ido da tabarau na musamman. Bayan zama, ba a fasa bororo, ba a ɓare ɓawo, ana kare wurin daga rana. Shagon gyaran gashi da ya sayo na'ura ta intanet ba shi da wanda zai gane ƙuna tun tana ƙarama.

Game da yara, doka ta riga ta yi magana. Sashe na 24 na Dokar Haƙƙin Yara ta 2003 ya hana yi wa yaro tatu ko tsaga, da tarar da ba ta wuce naira 5,000 ba, ko ɗaurin da bai wuce wata ɗaya ba, ko duka biyun. Hukuncin ya yi sauƙi, kuma ba kasafai ake jin an zartar da shi ba. Aska ko allurar da ta bi jiki fiye da ɗaya tana iya ɗaukar ƙanjamau da ciwon hanta nau'in B, wanda binciken ƙasa na 2018 ya samu a jikin kashi 8.1 cikin ɗari na manya a Najeriya. Wanda aka taɓa yi wa zane da kayan da ba a tabbatar da tsabtarsu ba, gwajin jinin waɗannan cututtuka biyu ya kamata ya riga maganar leza.