Ƙofar Jami'a A Buɗe Take, Amma Sai Da Ɗan Jagora

A zamanin En'e, in yaro ya yi ƙoƙari a makaranta, hedimasta da ɗan majalisa mai kula da ilmi su ne ke ɗaukar nauyin takardunsa har ya kai inda za shi. Uba ba ya da wani aiki sai addu'a da guzuri. A lokacin nan jami'a ɗaya ce tak a Nijeriya, wato kwalejin Ibadan da aka buɗe a 1948, kafin a kafa wasu, irin su ta Ahmadu Bello a Zariya a 1962. Yau kuwa mutumin Auyo ba sai ya yi doguwar tafiya ba. Ga Jami'ar Tarayya ta Dutse tun 2011, ga kuma Jami'ar Sule Lamido a Kafin Hausa, maƙwabciyar Auyo, wadda gwamnatin Jigawa ta kafa a 2013. Jami'a ta matso kusa, amma hanyar shiga ta ƙara lanƙwasa, kuma yaro shi kaɗai ake bari ya bi ta.

Bari mu bi matakan ɗaya bayan ɗaya. Da farko kowace jami'a ita ke shirya tata jarrabawar shiga, sai a ga yaro ɗaya ya sami gurbi a wurare uku, wani kuwa ya tashi a tutar babu. Don maganin wannan ne aka kafa hukumar JAMB a 1978. Tun daga 2010 jarrabawa ɗaya ake yi don shiga jami'a da kwalejin kimiyya da fasaha da ta horon malamai. Darussa huɗu ne, Turanci dole ne a ciki, jimillar maki 400. Daga 2015 aka ajiye fensir da takarda, sai na'urar kwamfuta. Daga 2021 kuma ba mai yin rajista sai da lambar shaidar ɗan ƙasa.

Cin wannan jarrabawa ba shi ne samun gurbi ba. Sai yaro yana da kiredit biyar a jarrabawar kammala sakandare, har da Turanci, da Lissafi ga masu neman fannin kimiyya. Sannan jami'ar da ya zaɓa ta yi nata tankaɗe da rairaya. Bayan wannan sai sunansa ya bi ta tsarin da ake kira CAPS, wanda hukumar ta fito da shi a 2017 ƙarƙashin Farfesa Ishaq Oloyede. Jami'a ta miƙa suna, hukuma ta amince, yaro kuma ya shiga da kansa ya ce ya karɓa. Duk gurbin da bai bi ta nan ba, hukuma ba ta san da zamansa ba, kuma mai shi zai sha wuya ranar tafiya bautar ƙasa.

To, ina rabon ɗan Jigawa a cikin wannan? Ƙa'idar jami'o'in tarayya ita ce kashi 45 cikin ɗari na guraben a ba waɗanda suka fi maki ko daga ina suke, kashi 35 ga 'yan jihohin da ke kewaye da jami'ar, kashi 20 kuma ga jihohin da aka bari a baya wajen ilmin zamani. Jigawa tana cikin waɗannan jihohi. Ashe ke nan yaron Auyo da ya nemi Dutse yana da ƙofa uku, ba ɗaya ba. Akwai masu sukar wannan rabo, suna cewa ya danne masu ƙoƙari. Ko ma dai mene ne ra'ayin mutum, rabon yana nan, amma ba a kai wa kowa shi har ɗaki.

Abin baƙin ciki, ba a wurin maki kaɗai yaranmu ke faɗuwa ba. Wani sunansa a takardar sakandare Muhammad, a katin ɗan ƙasa Muhammadu, ranar haihuwa kuma kowace takarda da tata. Wani yana son aikin likita, amma ya zaɓi darussan da ba su dace ba, don mai shagon da ya cika masa takarda bai sani ba. Wani ya yi rajista da layin wayar maƙwabci, saƙo ya zo ya wuce shi. Wani bai sa sakamakonsa na sakandare a shafin hukuma ba, saboda haka ba a ma duba sunansa. Wani kuwa an ba shi gurbi, bai san ana karɓa ba har lokaci ya ƙure. Ga kuma wanda bai taɓa sa hannu a kan kwamfuta ba sai ranar jarrabawa.

Bayan an sami gurbi sai maganar kuɗin rajista da ɗakin kwana da abinci. Mutanen fadamar kogin Haɗeja dukiyarsu tana gona, shinkafa da alkama da kayan lambu. Shekarar da ruwa ya yi gyara, kamar yadda aka gani a 2020 da 2022, kuɗin makaranta ma yakan tafi da ambaliya. Tun 2024 gwamnatin tarayya ta fara ba ɗalibai rance ta asusun NELFUND, amma shi ma sai wanda ya shiga ta hanyar da hukuma ta sani, kuma takardunsa suka yi daidai.

Saboda haka muna kira ga malaman makaranta da ma'aikatan ƙananan hukumomi, ku ne magadan hedimastocin da. Kowace sakandare ta ware malami ɗaya da zai duba sunayen 'yan aji shida da ranar haihuwarsu tun farkon shekara, ya zauna da kowane yaro kan darussan da zai zaɓa, ya kuma bi sawunsa har ya karɓi gurbi. Ƙaramar hukuma ta sauƙaƙa ba da takardar shaidar asali, ta nema wa yara wurin koyon kwamfuta ko na mako biyu ne kafin jarrabawa. Wannan ba ya bukatar sabuwar doka ko kuɗi masu yawa. Da muguwar rawa gara ƙin tashi, amma wanda ya sami mai nuna masa taku ba zai ji kunya a fage ba. Allah ya ba mu ikon riƙe wannan amana, amin.