Sharhi: Damina a Bakin Ramin Ma'adinai



Ruwan da manomi ke roƙo, shi mai haƙar ma'adinai ke fargaba. Ranar 3 ga Yunin 2024, bayan an tafka ruwa, wani rami ya rufta a yankin Galadima Kogo da ke ƙaramar hukumar Shiroro a Jihar Neja, ya binne mahaƙa da dama. Ƙasa in ta ƙoshi da ruwa sai ta yi nauyi, ta saki, bangon rami kuwa ba ya sallama kafin ya faɗo.

Wanda ya tsira daga rami, hanya na jiransa. Yawancin hanyoyin shiga mahaƙa jar ƙasa ce, babu kwalta babu kwalbati. Tifa ta ɗauko jiƙaƙƙen dutse, wanda ya fi busasshe nauyi, ta nutse a taɓo har gindin taya. Direba da yaran mota su kwana a daji suna cusa itace da duwatsu, mai na ƙonewa, kaya bai isa ba.

In ma ya isa, laka na manne wa injin niƙa, ta toshe rariya, a yi ta kashe inji ana ƙwaƙulewa. Abin da ya fi tayar mini da hankali shi ne tarin dusar da aka bari bayan wanke zinare. Ruwa na kwashe ta zuwa rafi da kududdufin da yara ke wanka, dabbobi ke sha. Ba mu manta da gubar dalma ta Zamfara a 2010 ba, wadda ta kashe yara fiye da 400.

A Gini, ƙasar da ta fi kowa fitar da ma'adinin bauxite a duniya, duk damina fitarwa na raguwa, shi ya sa manyan kamfanoni ke tara kaya tun da rani. Damina ba baƙuwa ba ce, kowa ya san watan zuwanta.

Don haka muna kira ga masu ramuka da hukumomin da ke ba su lasisi: a haƙa magudanai tun kafin ruwan farko, a killace dusa nesa da rafi, a kuma hana shiga rami mai zurfi bayan an yi ruwa, ko da kuwa zinaren na ƙyalli a ido.