Kwamfutar Falo: Shiru Ya Fi Ƙarfi Daraja

Mai shirin haɗa kwamfutar kallon fina-finai a falo yakan fara hangen katin zane mai tsada, kuma a nan kuɗinsa ke zurarewa a banza. Nuna bidiyo ba aikin ƙarfi ba ne. Wani ɗan sashe na masarrafi ne ke ɗaukar nauyinsa. Intel N100, wanda ya fito a 2023, wat 6 kacal aka ƙayyade masa, amma yana nuna bidiyon HEVC da AV1 a 4K ba tare da ya jigata ba.

Ƙarancin cin wuta na nufin ƙarancin zafi, zafi kuwa shi ke tayar da fanka, uwar ƙara. Akwatin alminiyum mai haƙarƙari yana sanyaya irin wannan masarrafi ba fanka ko ɗaya, ƙurar hunturu ma ba ta samun mai zuƙo ta ciki. Sai dai yana son iska: wanda ya kulle shi a kabad da bazara, ya kuka da kansa. In fanka ta zama dole, babba mai milimita 120 da ke juyawa a hankali ta fi ƙaramar nan mai kukan sauro.

Faifan ajiya mai juyawa shi ma yana gunji daidai lokacin da fim ya yi tsit. SSD ba ta da abin motsi. Gigabait 8 na RAM ya ishi Kodi har da rara.

Tarkon yana wajen tsofaffin kwamfutocin ofis masu araha. Da yawansu HDMI 1.4 gare su, wanda ba ya wuce hoto 30 a daƙiƙa a 4K. A duba HDMI 2.0 kafin a biya.