Ku Daina Ba Waswasi Abinci

Yau da ku nake, iyaye da mazajen da Allah Ya jarrabi 'ya'yansu ko matansu da ciwon waswasi, wanda likitoci ke kira OCD. Ciwon da mace za ta ƙarar da bokiti uku ba ta gama alwala ɗaya ba, ta yi kabbarar harama sau goma tana shakkar niyya. Ko mummunan tunani ya faɗo mata game da Ubangiji, ko game da jaririn da ke bayanta, ta rasa wanda za ta gaya wa. Wajen mutum 2 cikin 100 ne ke gamuwa da shi a rayuwa.

Abin da ke ƙona min rai shi ne yadda muke rusa wadda ta fara samun sauƙi. Da zarar tunanin ya sake leƙo ta, sai ka ji an ce, "Ai dama mun faɗa, wannan ba na asibiti ba ne, imaninta ne ya yi rauni." Haba jama'a! Wa ya ba ku ma'aunin imani? Ya zo a Sahihu Muslim cewa Sahabbai sun kai wa Manzon Allah (SAW) kukan tunanin da suke jin nauyin furtawa, ya nuna masu ƙyamar da suke yi masa ita ce tsantsar imani. Ko Ahalarin da muka biya a islamiyya ya koyar cewa mai waswasi a salla ba ya kawo abin da yake shakka, ya yi watsi da shi, ya yi sujada ba'adi.

Su ma masana can suka ɓulla. A 1978 Rachman da de Silva sun gano cewa yawancin lafiyayyun mutane su ma irin wannan tunani na faɗo masu, bambancin kawai su ba sa tsayawa yi masa shari'a. A 1987 Daniel Wegner a Amurka ya hana mutane tunanin farar dabbar nan ta ƙasar ƙanƙara, sai ga shi ta ƙi barin zukatansu. To ina amfanin ce mata "cire shi a ranki"?

Sannan ku masu tausayi, ba ku tsira ba. "Mama, kin ga na wanke ƙafar hagu?" Ki ce kin gani. Ta sake tambaya, ki rantse. Hankalinta ya kwanta na minti biyar, gobe tambayar ta zama ashirin. Waswasi kamar akuyar maƙwabta ne, ranar da kika watsa mata dusa, ƙofarki ta zama gidansu. Hanyar da Victor Meyer ya fara gwadawa a Landan a 1966, wadda likitoci ke bi har yau, ita ce mara lafiya ta fuskanci abin da take tsoro a hankali, ta ƙi maimaitawa, ta jure fargabar har ta lafa da kanta. Kwayoyi irin su fluoxetine kuma sukan ɗauki mako 8 zuwa 12 kafin a ga cikakken aikinsu, don haka ku daina zubar da su a mako na biyu.

Ke kuma 'yar uwa mai fama, dawowar tunani ba dawowar ciwo ba ce. Sauƙi shi ne ya zo ya tarar kina tuƙa tuwo, ki ci gaba da tuƙinki. Alwala ɗaya, salla ɗaya, ki naɗe darduma ko da zuciya na ihu. Ki riƙe addu'a, ki riƙe likitanki, ga Dawanau da asibitin Malam Aminu a Kano, ga Barnawa a Kaduna, ga Kware a Sakkwato.

Allah Ya ba marasa lafiyarmu lafiya, mu kuma Ya ba mu haƙurin zama da su, amin.