Tashar ɓoye ba wurin caca da agogo ba ce

Maganar wannan makon a kan tashar ɓoye take, wato layukan nan da ake shimfiɗawa a ƙarƙashin tsauni ko bayan allo, inda jirage ke jira kafin su fito fili. Jamusawa tashar inuwa suke ce mata. Na san wasu ba za su ji daɗin abin da zan faɗa ba, amma sai na faɗa: duk wanda ya ɗora wa kwamfuta tafiyar da tashar ɓoye alhali bai gama da waya ba, ya ajiye wa kansa ɓarna ne a inda hannunsa ba ya kaiwa.

Shawarar da ta fi ɓata min rai ita ce ta ƙidayar lokaci. Sai ka ji ana gaya wa sabon shiga, "Malam, sa na'urar ganowa guda a bakin shiga, ka ce wa manhaja ta tsayar da jirgi bayan daƙiƙa kaza, shi ke nan." Wannan caca ce. Motar kan jirgi idan ta yi sanyi gudunta daban, idan ta ɗumama daban. Tarago goma ba ɗaya suke da tarago huɗu ba. Ƙura ta kwanta a layi, jirgi ya yi ɗan tuntuɓe, agogo kuwa bai sani ba, yana can yana ƙidayarsa. Jirgi zai tsaya wutsiyarsa na kan makarkata, inda layi ke rabuwa biyu, na bayansa ya zo ya tarar da ita. A fili da ido za ka gani ka danna tsayawa. A ƙarƙashin tsauni ƙara kawai za ka ji.

Manhaja ba ta da ido. JMRI ne, Rocrail ne, iTrain ne, TrainController ne, duk abin da suka sani shi ne abin da waya ta kawo musu ta s88 ko LocoNet. Don haka kowane layin ajiya a yanka shi gida biyu aƙalla: dogon sashe mai nuna cewa akwai jirgi a ciki, da gajeren sashe a ƙarshe mai cewa tsaya nan, kuma gajeren ya fi kan jirginka mafi tsawo. Kowanne da nasa mai ganowa. Masu kukan tsada su lissafa kuɗin kan jirgi guda mai dikodar sauti, su kwatanta da na allon ganowa mai ƙofa goma sha shida.

Ko waɗanda suka yarda da wannan suna faɗawa wani rami. Na'urar da ke gano jirgi ta hanyar jan wuta abin da ke jan wuta kaɗai take gani. Kan jirgi tana ganinsa, taragon fasinja mai fitila tana ganinsa, taragon kaya kuwa a wurinta babu shi. Ƙugiya ta kwance, tarago uku suka rage a layi, allo zai nuna maka babu kowa, manhaja ta turo jirgi na gaba da zuciya ɗaya. Maganin ba wuya: a sa rizisto mai ohm 10,000 tsakanin ƙafafun ƙarfe biyu na gatari guda, ko da a taragon ƙarshe ne kawai. Jirgin da kansa ke baya yana turawa shi ma haka, taragon gaba dole ya ja wuta, in ba haka ba sai ya wuce wurin tsayawa kafin a san ya iso.

Akwai masu cewa ABC ya ishe su, tsarin birkin nan na kamfanin Lenz da ke amfani da 'yan dayod wajen karkatar da wutar layi ɓangare guda, dikoda ta gane ta rage gudu. Ba ni da faɗa da ABC, yana aiki ko babu kwamfuta. Amma ba kowace dikoda ce ke jin yarensa ba, kuma tsayar da jirgi yake yi, ba ya gaya maka layi na uku a cike yake ko fanko. Kyamara ma da ake ta yabo, tana da amfani ga mai zaune yana kallo. Ba ta hana makarkata juyawa a ƙarƙashin tarago.

Sai ita kanta wayar wuta, kuma nan ne abin ya wuce asarar kuɗi. A tsarin DCC wuta na kan layi koyaushe, ko jirgi na tsaye. Na'urar ba layi wuta mai amfiya 5 a kan bolt 15, wat 75 ke nan, ya fi ƙarfen narka dalma da yawancinmu ke riƙewa. Ƙafar jirgi ta gitta kan makarkata ta haɗa ƙarafa biyu, idan waya siririya ce kuma an dogara da 'yan maƙalan da ke haɗa ƙarfen layi da ɗan uwansa, na'urar ba za ta ga isasshen ja da zai sa ta yanke ba. Za ta ci gaba da turawa, roba na narkewa, a ƙarƙashin katako da soso. A ja babbar wayar tagulla biyu, kauri kamar milimita murabba'i 2.5, a bi ƙarƙashin tashar da su, kowane yankin ƙarfen layi a sauko masa da tasa ƙaramar waya a like da dalma. Sannan a ɗauki kwabo a ɗora shi kan ƙarafa biyu a can ƙarshen kowane layi. Wuta ba ta yanke nan take ba, to ba a gama ba. Tashar kuma a ba ta nata mai yanke wuta daban, kada matsalarta ta tsayar da duk shimfiɗar.

Masu son kashe wutar layin ajiya da rile, ina tare da ku, domin kawunan jirage masu sauti suna shan wuta ko a tsaye. Ku dai tuna cewa layin da aka kashe, mai ganowa ma ya makance a kansa, sai an bar 'yar wuta ta ratsa ta rizisto a gefen rilen.

Makarkata kuma kada a yarda da umarnin da aka aika mata. Injin Tortoise na da 'yan maɓallan ciki masu nuna ɓangaren da ya kwanta, a maido wannan labari ga manhaja, kuma kada ta juya komai muddin sashen makarkatar na nuna jirgi.

Duk wannan a yi shi kafin a ɗora bene na sama ko tsauni. A bar tazarar da hannu riƙe da kan jirgi zai shiga ya fito, ni ba na yarda da ƙasa da santimita 20. A yi makonni ana shiga da fita da jirage a tashar tana buɗe, da mafi tsawo da mafi rigima, ana kashe wuta a tsakiyar tafiya a ga ko manhaja za ta san inda kowa yake idan ta dawo. Wanda ke ganin ƙidayar daƙiƙa ta ishe shi, ya kawo mana bidiyon shiga hamsin a jere, da jirage daban-daban.